Iliya Mecnikof da Ƙayar Wardi

A cikinmu babu wanda bai san ƙaya ba. Duk wanda ya taɓa bin awaki cikin daji, ko ya je gona ba takalmi, ya san yadda ta kan shiga tafin ƙafa ta karye a ciki. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, ya hana mutum taka ƙasa. Bayan kwana biyu ko uku ya nuna, ya tara mugunya, in an matsa sai ga ƙayar ta fito tare da ita. Mun saba da ganin wannan tun muna yara, har ba mu tsayawa mu tambayi kanmu, shin mece ce mugunyar nan, daga ina kuwa ta ke fitowa? Mu kan ɗauka ƙazanta ce kurum. Ashe mafi yawanta gawawwakin waɗansu 'yan mitsi-mitsin mayaƙa ne na cikin jikinmu, waɗanda suka taru suka yi wa abokin gaba ƙawanya, suka mutu a bakin daga.

Mutumin da ya fara fahimtar wannan al'amari, ya kuma ƙare kwanakinsa yana kare shi gaban manyan masana, shi ne za mu ba da labarinsa. Sunansa Iliya Mecnikof, Turawa su kan rubuta shi Metchnikoff. Abin mamaki kuwa, shi ba likita ba ne. Masanin dabbobi ne, dabbobin ma ƙanana na cikin teku da kududdufi, irin waɗanda ba mai ko waiwayarsu.

An haife shi ran 15 ga watan Mayu, 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Harkof cikin ƙasar Yukren, wadda a wancan zamani ta ke ƙarƙashin Sarkin Rasha. Ubansa hafsa ne cikin rundunar da ke tsaron Sarki, uwarsa kuwa, Emiliya, 'yar wani marubuci ce Bayahude. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ya taso ba shi da ƙarfin jiki, ga saurin fushi, ga saurin hawaye, amma ga kaifin basira wanda ya fi shekarunsa. Tun yana ɗan ƙarami ba shi da wasan da ya wuce tara ganyaye da ƙwari. Matarsa, wadda ta rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa, ta ba da labarin cewa ya kan tara yara ya yi musu darasi a kan abin da ya tsinto, har ya kan biya su da 'yan kuɗin aljihunsa domin su zauna su saurara. Mu da ke koyon aikin malanta mun san ba ko wane malami ne ya kai wannan son aiki ba.

Ya shiga makarantar Harkof a 1856, ya fita a 1862 da lambar zinariya. Nufinsa ya koyi aikin likita, sai uwarsa ta ba shi shawara ya bari, domin ta san zuciyarsa ba za ta jure ganin wahalar marasa lafiya ba. Ya bi maganarta, ya shiga jami'ar Harkof ya ɗauki ilmin halittu. Karatun da aka ɗibar wa shekara huɗu ya gama shi cikin biyu. A 1864, yana da shekara 19, ya tafi Jamus neman ƙarin ilmi.

Kafin mu bi shi can, wajibi ne mu san abu guda. Jikin ko wane mai rai an gina shi ne da waɗansu 'yan ƙwayoyi, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali, sai dai su waɗannan tubala rayayyu ne, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Akwai halittar da duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak, kamar amiba ta cikin ruwa. Amiba ba ta da baki, ba ta da hanji. In ta tarar da abinci sai ta miƙa sashen jikinta ta wannan gefe da wancan, ta kewaye shi, ta rufe, ya zama yana cikinta, nan ta narkar da shi. Mu kuwa abincinmu a cikin tumbi da hanji ya ke narkewa, sa'an nan jiki ya tsotsa.

To, a 1865, a garin Gisen na Jamus, Mecnikof yana duban wata 'yar tsutsa shimfiɗaɗɗiya, sai ya ga ƙwayoyin da suka shafe cikin hanjinta suna haɗiyar abinci ɗai-ɗai da kansu, daidai yadda amiba ke yi. Ya rubuta abin da ya gani, ya ci gaba da waɗansu ayyuka. Ba wanda ya ɗauki wannan da muhimmanci, don wa zai damu da yadda tsutsa ke cin abincinta? Shi kansa bai san cewa mabuɗin aikinsa ne ya tsinta ba, sai bayan shekara 17.

Daga Jamus ya wuce Nafoli ta Italiya, inda ya yi aiki tare da wani ɗan ƙasarsu, Kovalevsky, suna binciken yadda dabbobin teku ke tasowa daga ƙwai. A 1867 ya komo Rasha ya karɓi digirinsa, aka kuma raba musu wata babbar kyauta ta ilmi shi da abokin nan nasa. Yana da shekara 22 ya fara koyarwa a jami'ar Odesa, a bakin Bahar Aswad, har waɗansu ɗalibansa sun girme shi. A 1870 aka naɗa shi shaihun malami a can.

Amma fa duniya ba ta bar shi ya huta ba. A 1869 ya auri wata yarinya, Ludmila, wadda tarin fuka ya riga ya kama. Ranar ɗaurin auren ma a kan kujera aka ɗauke ta zuwa majami'a, don ba ta iya tafiya. Ya yi ta fama da jinyarta, yana koyarwa, yana fassara littattafai da dare domin samun kuɗin magani, har idanunsa suka raunana. Aka kai ta tsibirin Madera, wai ko iskar can za ta yi mata amfani, amma a can ta rasu cikin watan Afrilu, 1873. A lokacin babu wanda ya tabbatar da abin da ke kawo tarin fuka, balle maganinsa. Baƙin ciki ya rufe Mecnikof, har ya sha maganin barci mai yawa domin ya rabu da duniya. Da ya ke kwanansa bai ƙare ba, sai ya amayar da shi, ya tashi.

A 1875 ya sake aure, ya auri Olga, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen ransa. A 1880 ita ma zazzaɓin taifod ya kwantar da ita, ta kusa mutuwa. Ga wannan, ga rigingimun jami'a, sai zuciyarsa ta sake karaya. A 1881 ya ɗebi jinin mai wani irin zazzaɓi da ke tafiya yana komowa, ya yi wa kansa allura da shi, yana nufin in ya mutu, mutuwarsa ta amfani ilmi. Ya sha jinya mai tsanani, amma ya warke, matarsa kuma ta warke. A cikin wannan shekara aka kashe Sarkin Rasha, Iskandari na Biyu, hukuma ta tsananta wa malamai da ɗalibai. Mecnikof ya ga zama ba zai yiwu ba, ya ajiye aikinsa a 1882. Ya kwashi matarsa da ƙannenta suka tafi Mesina, wani gari a bakin teku cikin tsibirin Sisili. Nan ya kafa madubinsa a falon gidan da suka kama haya.

Akwai wata dabbar teku mai hannuwa biyar, siffar tauraro, sabo da haka a ke ce da ita tauraron teku. 'Ya'yanta tun suna ƙanana garai-garai su ke kamar ruwa, ana hango duk abin da ke cikinsu suna da rai, ba sai an yanka ba. A cikin jikinsu akwai waɗansu ƙwayoyi waɗanda ba su zauna wuri ɗaya ba, yawo su ke yi, suna rarrafe kamar amiba. Mecnikof ya sa musu garin jan rini, ya ga sun haɗiye shi. Har zuwa nan tunaninsa bai wuce batun cin abinci ba.

Wata rana a ƙarshen 1882, iyalinsa duka suka tafi kallon wasan birai, ya rage shi kaɗai da madubinsa. Yana cikin kallon ƙwayoyin nan masu yawo, sai wani tunani ya faɗo masa: abin da ke haɗiye garin rini, me zai hana shi haɗiye abokin gaba? In haka ne, to, ashe waɗannan su ne masu tsaron jiki. Ya kasa zama, ya fita bakin teku yana kai da komowa. Ya ga in zatonsa gaskiya ne, lalle in aka soka wa ɗan tauraron nan wani abu, ƙwayoyin za su taru su kewaye shi, kamar yadda ya kan faru a yatsan mutum in ƙaya ta shige shi. Ya shiga lambun gidan ya tsinko ƙayoyin wardi, ya soka su a hankali cikin jikin 'yan dabbobin. Daren nan bai runtsa ba. Gari na wayewa ya leƙa madubi, sai ga ƙwayoyin sun yi dafifi, sun yi wa ko wace ƙaya zobe.

Domin mu gane girman abin da ya gani, sai mu san yadda likitoci suka ɗauki kumburi a lokacin. An riga an san jini yana da ƙwayoyi jajaye da farare. Wani Bajamushe, Cohnheim, ya nuna tun 1867 cewa fararen su kan ratsa bangon jijiyoyin jini su taru inda ciwo ya ke. An kuma sha ganin ƙwayoyin cuta a cikin fararen nan. Amma galibin masana sun ɗauka kumburi lalacewa ce ta jijiyoyin jini, ƙwayoyin cuta kuwa su ne ke kutsawa cikin fararen, su mai da su jakunansu, su yaɗu cikin jiki. Mecnikof ya juya maganar. Ɗan tauraron teku ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, ga shi kuwa ya yi abin da yatsan mutum ke yi. Ashe tushen kumburi shi ne fitowar mayaƙa, kuma ƙwayar cutar da a ke gani a cikin farar ƙwaya kamammiya ce, ana cinye ta. Waɗansu sun riga shi ganin haɗiyar, amma shi ne ya gane ma'anarta.

A 1883 babban likitan nan na Jamus, Virchow, ya zo Mesina, ya duba aikin, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya kuma gargaɗe shi ya bi a sannu, don likitoci ba za su karɓa da sauƙi ba. A birnin Biyana wani masanin dabbobi, Claus, ya taimake shi da suna daga harshen Yunanawa, aka kira ƙwayoyin fagosait, ma'anarsa ƙwayoyi masu ci. Mu sai mu ce maciya. Cikin shekarar nan ya tsaya gaban taron masana da likitoci a Odesa ya bayyana ra'ayinsa.

Sai dai ƙaya ba cuta ba ce, shi ma ya san haka. Ana bukatar a ga maciya suna faɗa da cuta ta ainihi cikin jiki mai rai. A 1884 ya sami abin da ya ke nema a jikin ƙumar ruwa, wata 'yar halitta ta kududdufi wadda ita ma a ke hango cikinta. Akwai wata irin funfuna da ke kama ta, irinta tsini gare shi kamar allura. In ƙumar ta haɗiye shi, sai ya huda hanjinta ya shiga jiki. Mecnikof ya zauna yana kallo da idonsa: da allurar ta leƙo, maciya su yi caa a kanta, su rufe ta, ta kumbura, ta ɓarɓashe. In sun cinye duka, ƙumar ta rayu. In kuwa irin ya fi ƙarfinsu, funfunar ta yaɗu, ƙumar ta mutu. Gani ya kori ji. Daga nan ya koma kan kwaɗi da zomaye da sauran dabbobi. Ya raba maciya kashi biyu, manya da ƙanana. Ya kuma nuna cewa aikinsu bai tsaya ga yaƙi ba: wutsiyar talibambam, sa'ad da zai zama kwaɗo, maciya ne ke cinye ta.

A 1886 aka ba shi shugabancin wani sabon gidan binciken cututtuka a Odesa, inda a ke yin allurar haukan kare bisa hanyar Pasteur. Bai ji daɗin wurin ba. Likitocin gari suna ganin ta yaya wanda bai karanci aikinsu ba zai shugabance su. Daɗin daɗawa, wata allurar rigakafi da mataimakansa suka yi wa tumaki ba ya nan ta ɓaci, dubban tumaki suka mutu. Ya shiga neman inda zai zauna ya yi aikinsa cikin natsuwa. A Balin ya gana da Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, watau shekarar ƙayar wardi, amma Koch bai sakar masa fuska ba. A Faris kuwa tsoho Pasteur ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi ɗakunan aiki a sabuwar cibiyarsa. Ya koma can a 1888, ya zauna shekara 28, ɗalibai suna zuwa wurinsa daga ƙasashe da yawa.

Nan fa aka ja daga. In jini ya daskare, wani ruwa fatsi-fatsi ya kan taso a kansa, wanda babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. A 1888 wani masani, Nuttall, ya nuna cewa jini yana kashe ƙwayoyin cuta ba tare da taimakon maciya ba. A 1890 Behring da Kitasato, a Balin, suka gano cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana ɗauke da makarin dafin mashaƙo da na sarƙe-haƙora, har in aka ɗura shi a jikin wata dabba ya kan tsare ta. Ba da jimawa ba aka fara ceton yara da wannan magani. Masanan Jamus suka tsaya a kan cewa ruwan jini shi ne mai kisa, maciya kuwa ungulaye ne kawai, sai an kashe su zo su kwashe mushe. Ga kuma tsohuwar gaba tsakanin Faransa da Jamus tun yaƙin 1870, ta ƙara wa wutar itace.

Mecnikof bai ja da baya ba. Duk hujjar da aka kawo, sai ya koma ɗakin aiki ya amsa ta da gwaji. Domin ya nuna cewa maciya da rai su ke kama abokan gaba, ya ciro ƙwayoyin cuta daga cikin maciyin da ya haɗiye su, ya shuka su, suka tsiro. Ya halarci tarurruka, har da na London a 1891, yana jayayya da zafin rai, wani lokaci ya komo gida ya kasa barci. Lister, babban likitan fiɗa na Ingila, yana cikin waɗanda suka goyi bayansa. A 1892 ya fitar da littafinsa a kan kumburi, a 1901 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan yadda jiki ke tsare kansa daga cututtuka masu yaɗuwa.

To, wa ke da gaskiya? Sannu a hankali ta bayyana cewa ko wane ɓangare ya riƙe rabi. A cikin ɗakin aikin Mecnikof kansa, wani saurayi ɗan Beljiyam, Bordet, ya bayyana a 1895 yadda abubuwa biyu na cikin ruwan jini ke haɗa ƙarfi su fasa ƙwayar cuta, maigidan kuwa bai hana shi bugawa ba. A 1903 Wright da Douglas, a London, suka nuna cewa akwai abin da ke cikin ruwan jini wanda ke shafe jikin ƙwayar cuta, sa'an nan maciya su ji daɗin kama ta, kamar yadda miya ke sa tuwo ya wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Mecnikof da Ehrlich, ɗaya daga cikin jagororin ɓangaren Jamus.

Yanzu bari mu koma kan ƙayar nan ta tafin ƙafa, mu ga abin da aka sani bayan zamaninsa. Ƙananan maciya, waɗanda a ke kira niyutirofil, su ne mafi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini. A cikin ɓargo a ke ƙera su, jikin baligi ya kan fitar da wajen miliyan dubu 100 ko wace rana, domin ba su da tsawon kwana. Da ƙaya ta shiga da ƙwayoyin cuta a jikinta, sai naman da ya ji rauni da ƙwayoyin cutar su saki waɗansu sinadarai. Jijiyoyin jini na kusa su buɗe, shi ne ja da zafi. Ruwa ya tsattsafo daga cikinsu, shi ne kumburi. Maciya su manne a bangon jijiya, su kurɗa ta tsakanin ƙwayoyinsa su fito, su bi sinadaran nan kamar yadda tururuwa ke bin zaƙi, har su iske abokin gaba.

In maciyi ya taɓa ƙwayar cuta, ya kan gane ta da alamun da ke jikinta, ko da shafin nan da ruwan jini ya yi mata. Sai ya miƙa hannuwa ya rungume ta, ya rufe ta cikin wata 'yar jaka a cikin jikinsa. Akwai kuma waɗansu 'yan jakunkuna cike da ruwan narkarwa, irin waɗanda de Duve na Beljiyam ya gano a 1955. Su matso su haɗe da jakar farko, su juye mata abin da ke cikinsu. A manyan maciya cikin jakar ya kan yi tsami ƙwarai. Bayan wannan maciyi ya zuƙi iskar oksijin mai yawa ya juya ta guba, har da irin sinadarin da ke cikin ruwan bilic na faranta tufafi. Ƙwayar cuta ta mutu, ta narke. Ƙananan maciya da yawa a nan su ke halaka, tarin gawawwakinsu da ruɓaɓɓen nama shi ne mugunya.

Manyan maciya, watau makurofaj, sun fi tsawon rai, kuma zaune su ke a ko'ina cikin jiki. Na huhu suna kwashe ƙurar da mu ke shaƙa. Na hanta da na saifa suna tace jini, suna cinye jajayen ƙwayoyin da suka tsufa bayan kwana 120, wajen miliyan 2 ko wace daƙiƙa, su mayar wa jiki da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Yawan wannan aiki yana cikin dalilan da ke sa saifar yaro ta kumbura in zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana damunsa. Su ne kuma ke share fagen fama bayan yaƙi, domin rauni ya warke. Har wa yau, su da waɗansu 'yan'uwansu su kan ɗauki guntun abokin gaban da suka cinye su nuna wa wani jinsin fararen ƙwayoyi, daga nan a soma ƙera makarin da ke yawo cikin ruwan jini. Kun ga ashe abin da aka shekara 20 ana jayayya a kansa, aiki ɗaya ne mai hannu biyu.

Babbar shaida ta zo cikin shekarun 1950, sa'ad da likitoci suka bayyana wata cuta ta gado. Yaran da ke da ita maciyansu suna haɗiya sarai, amma ba su iya haɗa gubar nan, sabo da haka maruru da ciwon huhu ba su rabuwa da su, ko da ya ke ruwan jininsu bai rasa makari ba. Akwai kuma ƙwayoyin cuta masu wayo da suka san makamar maciya. A 1971 Armstrong da Hart, a London, suka nuna cewa ƙwayar tarin fuka, in babban maciyi ya haɗiye ta, ta kan hana jakunkunan narkarwa haɗuwa da jakar da ta ke ciki. Sai kurkuku ya zama mata gida, ta zauna ta hayayyafa. Cutar da ta raba Mecnikof da matarsa ta fari, ashe a cikin maciyansa ta ke ɓuya.

A ƙarshen rayuwarsa hankalinsa ya koma kan waɗansu abubuwa. A 1903 shi da abokinsa Roux suka nuna cewa ana iya sa wa manyan birai tunjere, wannan ya buɗe hanyar binciken cutar. A 1911 ya tafi ƙasar Kalmukawa, makiyayan kudancin Rasha, binciken tarin fuka. Ya kuma dulmuya cikin tunanin tsufa. Ya ɗauka ƙwayoyin da ke cikin babban hanji ne ke zuba wa jiki guba a hankali, har ya tsufa da wuri, kuma nono mai tsami, irin kindirmon mutanen Bulgariya, zai hana su. Ya riƙa shansa kullum, Turai duka ta ɗauka. Cewa ƙwayoyin hanji suna da hannu a lafiyar mutum, wannan an tabbatar. Amma cewa nono yana ƙara tsawon rai, wannan zato ne wanda hujja ba ta tsaya masa ba. Gwani ma ya kan yi tuntuɓe.

Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, samarin cibiyar suka tafi fagen fama, ɗakunan aiki suka zama kufai. Wannan ya karya zuciyar tsohon, wanda ya sa rai ilmi zai gyara halin 'yan Adam. Ciwon zuciya, wanda ya riga ya fara taɓa shi, ya tsananta. Aka ɗauko shi daga gidansa zuwa cibiyar, Olga tana jinyarsa. Mutumin da sau biyu ya nemi mutuwa a ƙuruciya, ya jira ta da natsuwa sa'ad da ta zo da kanta. Ya rasu ran 15 ga watan Yuli, 1916, yana da shekara 71. Bisa ga wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na cibiyar Pasteur.

'Yan'uwa, abin da za mu ɗauka a nan a fili ya ke. Likitoci dubu sun ga kumburi kafin Mecnikof, sun matse mugunya, sun ɗaure rauni. Shi kuwa abin da ya fi su da shi, ya shekara 17 yana duban yadda tsutsa da 'ya'yan dabbobin teku ke cin abinci, bai raina su ba, kuma da tunani ya zo masa bai tsaya a kan zato ba, ya tashi ya tsinko ƙaya ya gwada. Ran da muka fita muka kama aji, ba za a rasa yaron da zai zo yana ɗingishi da kumburarriyar ƙafa ba. Mu sa a wanke masa da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire ƙayar, a rufe wurin, in ya ƙi sauƙi a kai shi asibiti, domin mayaƙan nan, duk da yawansu, ana iya rinjayarsu. Sa'an nan mu tara 'yan ajin mu tambaye su abin da mu ba mu tambaya ba muna yara: mece ce mugunya? In sun kasa, mu ba su labarin Iliya da ƙayar wardi.